Mayo Ya Ci Shi

Kano, 14 ga Janairu, 2023

Zuwa ga Goggo Hapsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya da duk mutanen gida na Yelwa. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ki, ƙafar tasa ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci ba sanda.

Ni ne Mu'azu, ɗan Mika'ilu ɗan baffanki, ko da yake rabona da Mubi tun ina firamare. Baba ya ce kunnenki ba ya son dogon zance a waya, shi ya sa na rubuto na ba direban motar Mubi.

Goggo, yanzu ina aiki a wani kamfanin buga littattafai. Ni nake duba rubutu kafin a kai shi inji. Muna haɗa wa 'yan sakandare littafi na tatsuniyoyi da tarihin garuruwan Arewa, daga bakin tsofaffi. Na Katsina da Zazzau sun taru har mun rasa na zaɓa, amma da aka zo Adamawa kowa ya yi shiru. Sai na ɗaga hannu na ce ai ni ina da dangi a Mubi.

Baba ya gaya mini kin taɓa rubuta labaran mahaifiyarki, Dada Aisatu, kafin rasuwarta. Idan rubutun yana nan, don Allah ki ara mini. Zan riƙe shi amana, kuma sunan Dada zai fito a kan babin. Wannan ne aiki na farko da aka damƙa mini ni kaɗai, ina so in fita kunya.

Ɗanki,
Mu'azu

Yelwa, Mubi, 9 ga Fabrairu, 2023

Ɗana Mu'azu,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso. Ta sha manja a gefe ɗaya, amma ta karantu. Muna lafiya, ban da gwiwa da ke yi mini tsiya idan zan tashi daga sallah. Ka gaida Mika'ilu, ka ce masa shekara goma sha ɗaya ba wanda ya leƙo mu daga gidanku, sai yanzu da kuka ji muna da littafi. To, ba komai, na yafe.

Ga shi nan na naɗe a ɗankwali. Littattafan rubutu ne na 'yan makaranta guda biyu, na ɗinke su da zare. A 1997 na rubuta, lokacin Dada tana kwance. In na taso daga koyarwa sai in zauna bakin gadonta, tana faɗa ina rubutawa, yadda ya fito daga bakinta. Kada ka yi dariya. Dada Bafulatana ce, a kasuwa ta tsinci Hausarta. A wurinta namiji "shi" ne, mace "shi" ce, akuya ma "shi". Babanmu, da yake Bakano ne irinku, ya shekara arba'in yana gyara mata, ya gaji ya bari.

Akwai tatsuniyoyi a ciki, akwai labarin tsohuwar kasuwa, da na shekarar fara, da na gidanmu. Za ka ga sunan Adi ko'ina. Ƙawar Dada ce tun suna amare, 'yar ƙabilar Gude, Kirista. Tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, ido ya tafi amma baki yana nan. Ɗanta Philemon hedimasta ne yanzu. Shekarar gudu, da 'yan ta'adda suka shigo muka bar gari da ƙafa, a gidansu muka kwana biyu kafin mu haura dutse tare. Ranar ban ɗauki takardun fanshona ba, wannan littafin na ɗauka. Ka ga ke nan abin da nake ba ka.

A kan gwiwa na yi rubutun, hannuna yana gocewa wani wuri. Inda ka ga kuskure ka gyara, aikinka ne. Amma ka dawo mini da abina, in ba haka ba zan zo Kanon da kaina.

Goggonka,
Hapsatu

Kano, 20 ga Oktoba, 2023

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, kuma damina ta yi albarka. Baba lafiya, yana gaisuwa. Ki yafe mini jinkiri, aiki ne ya sha kaina.

Albishirinki, littafi ya fito! Ga guda biyar nan, tare da littafinki a cikin ɗankwalinsa, ko kusurwa ban lanƙwasa ba. Babin Mubi shafi goma sha huɗu ne, kuma maigidanmu ya ce ya fi kowane babi rai. An riga an fara kai wa makarantu, har na Adamawa.

Na bi shi layi-layi kamar yadda kika ce. Wallahi na sha aiki. Kowane "ya" sai na tsaya na gano mace ce ko namiji, sannan na daidaita Hausar ta zama ta makaranta, don kada yara su koyi kuskure. Yanzu Dada tana magana kamar a bakin ganuwa aka haife ta.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Hammanjoda. Ban san kina da ƙane da ya rasu yana ƙarami ba, Allah ya jiƙansa. Abokan aikina sun ce yana nuna yadda mutanen da suka yarda da maita, har mun sa tambaya a kansa a ƙarshen babin.

Ina jiran in ji kin ce na yi ƙoƙari.

Ɗanki,
Mu'azu

Yelwa, Mubi, 6 ga Nuwamba, 2023

Mu'azu,

Salamu alaikum. Lafiyar jiki ina da ita, a nan gaisuwar ta tsaya.

Ranar da kayanka suka iso tabarauna ya karye. Takardarka da manyan baƙaƙe ce, na lallaba na karanta. Na ga maganar maita, na ɗauka tatsuniyar matar da ke rikiɗa kura kake nufi. Littafin kuwa ban iya karantawa ba, na dai shafa sunan Dada ina murna. Da hannuna na ba Philemon guda biyu, na ce ya kai wa Mama Adi ta ji sunanta ya shiga littafi.

Ran Lahadi bayan coci ya tara 'ya'ya da jikoki a tsakar gida, ya zaunar da uwarsa a tsakiya, ya fara karanta mata. Suna ta dariya, tana cewa haka aka yi, haka aka yi. Har ya kai shafi na tamanin da bakwai.

Ran Litinin ya zo mini a keke. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba. Ya ajiye littafin a kan tabarma, ya ɗora yatsa a kan layi, ya ce, "Adda Hapsatu, haka mamanku ya faɗa?"

Ga abin da Dada ta faɗa, na rubuta: "Adi ya tafi da shi gona. Da suna dawowa, mayo ya ci shi. Adi ya dawo shi kaɗai."

Ga abin da ka buga: "Adi ta tafi da shi gona. Da suna dawowa, mayya ta cinye shi. Adi ta dawo ita kaɗai."

Mayo, Mu'azu! Mayo kogi ne da Fulatanci. Duk yaron da ke garin nan, Bafulatani ko Gude ko Kamwe ko Bahaushe, ya san mayo. Ruwa ne ya ci ƙanena a daminar 1969, yana ɗan shekara biyar, ya bi Adi gonarsu ta hayi don yana son gyaɗa. Kai ka mai da kogi maye, sannan ka tuna ai Adi mace ce, ka ƙara gyarawa ka mai da shi mayya. Bai ishe ku ba, kuka rubuta a ƙasa: "Wa kake zargi da mutuwar Hammanjoda? Kawo dalili." Innalillahi! Wane yaro ne zai rasa amsa?

Bari in gaya maka abin da ba ya cikin littafin. A lokacin ma haka mutane suka ce. Mata suka daina sayen daddawarta, yara suna jifan danganta. Kwana bakwai da binne Hammanjoda, Dada ta kama hannuna, muka taka har gidan Adi. Ta zauna a ƙofa inda kowa yake gani, ta ce a kawo abinci. Ta ci a ƙwarya ɗaya da ita, ta sa ni ma na ci. Daga ranar bakin kowa ya mutu. Da nake rubutun na tambaye ta ko in sa wannan, ta ce a'a, ba ta son kalmar nan ta zauna a takarda kusa da sunan Adi. Kai ga shi ka zaunar da ita, da inji.

Gocewar hannuna na ce ka gyara. Ban ce ka gyara bakin uwata ba.

Na nuna wa Philemon rubutuna, ya gani, ya yarda. Amma ya ce, "Ni na gani, Adda. Yaran makaranta fa?" Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, da kaina ma.

Hapsatu

Yelwa, Mubi, 12 ga Fabrairu, 2024

Mu'azu,

Salamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Mika'ilu ya ce kana nan kana zuwa aiki, ashe ba ciwo ba ne.

Wata uku ke nan. Na sa an kira wayarka sau huɗu, ba ka ɗauka ba. In faɗana ne ya kore ka, to ka dawo, na gama. Ni malamar makaranta ce shekara talatin da biyar, na san kuskure, na kuma san yaron da ya yi kuskure ya ɓuya a bayan aji.

Amma ka san abin da shirunka yake ci. Littafin ya shiga makarantu biyu a nan. An riga an kira wata jikar Mama Adi jikar mayya a filin wasa. Tsohuwar ta daina zuwa coci, ta ce ba ta gani amma tana jin inda mutane suke matsawa in ta zauna. Shekararta kusan tamanin. Ban san kwana nawa kake da su na jin kunya ba, ita dai ba ta da su da yawa.

Goggonka,
Hapsatu

Kano, 3 ga Maris, 2024

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Philemon, ina gaida Mama Adi idan za ta karɓa. Jikina lafiya. Takardunki biyu duk sun iso a kan lokaci, ba zan ɗora wa direba laifi ba.

Na ɗauki hoton kowane shafi kafin in dawo miki da littafin. Ranar da takardarki ta Nuwamba ta zo na buɗe hotunan, ina fatan in ga harafin ya goce, in sami abin faɗa. Goggo, "o" ɗinki a zagaye take tsaf. Hannunki bai yi komai ba. Ni ne na ga kalmar da ban sani ba, maimakon in tambaya sai na ce tsohuwa ce ba ta iya Hausa ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni. Da na ga "maye" ban yi mamaki ba. A raina na ce ai mutanen gindin dutse ne, dama haka labarinsu zai kasance. Wannan ne ya hana ni rubutu kusan wata huɗu, don ban san yadda zan gaya miki ba.

Na sake karanta rubutunki daga farko, ba biro a hannuna. A nan ne na ji Dada, har yadda take tsayawa ta ja numfashi. A nawa babin ba ta nan. Wata mata ce mai Hausar rediyo, wadda ba ta taɓa zama a Mubi ba.

Na je na gaya wa maigidanmu komai. Ya yi faɗa, amma ya yarda. An dakatar da sauran da ke ajiye. Za a aika wa kowace makaranta takardar gyara a manna a shafin, kuma ni zan kawo na Mubi da ƙafata, in tsaya a gaban aji in faɗa cewa ni na yi. Waɗanda suka riga suka shiga gidaje ba zan iya kamo su duka ba, ba zan yi miki ƙarya ba.

A sabon bugu kuma ina ganin mu cire labarin Hammanjoda gaba ɗaya, mu cire sunan Mama Adi daga babin, ta huta. Amma na daina yanke hukunci ni kaɗai. Ki tambaye ta. Abin da ta ce shi za a yi.

Ki yafe mini, Goggo.

Ɗanki,
Mu'azu

Yelwa, Mubi, 18 ga Maris, 2024

Ɗana Mu'azu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ana ta azumi, zafi kuwa sai wanda ya gani. Ka gaida babanka. Na yafe maka, wannan mai sauƙi ne. Ka zo bayan sallah, ɗakin baƙi yana nan.

Ran Asabar na hau keke napep na tafi unguwar Gude da takardarka. Na same ta a gindin mangwaro, ta rame. Philemon ya kawo mini kujera ya zauna a gefe. Na karanta mata duka, ban tsallake ko inda ka zagi kanka ba. A nan ta ɗan yi dariya ta ce, "Yaron nan yana da kunya, zai yi hankali."

Da na kai inda ka ce a cire sunanta, sai ta ɗaga hannu. Ta ce ba za a cire ba. Ta ce shekara hamsin da biyar kowa ya faɗi nasa a kan ranar nan, masu zagi sun faɗa, Aisatu ta faɗa, yanzu har Kano ta faɗa, ita kaɗai ce ba a taɓa tambaya ba. Ta ce in fito da biro.

Ga shi nan yadda ta faɗa. Ta ce a buga shi a ƙarƙashin na Dada. Ka bar mata Hausarta.

"Ni ne Adi. Ranan nan ruwa bai yi a wurin mu ba, a kan dutse ya yi, mu ba mu sani ba. Mun shiga mayo yana gwiwa. Philemon yana baya na, watan shi huɗu. Hammanjoda yana hannu na na dama, gyaɗa yana aljihun shi. Mun kai tsakiya, ruwa ya zo, ja, da itace a ciki. Ya kai ni ƙirji. Zani ya kwance, na ji yaro na yana zamewa. Hannu ɗaya bai riƙe shi ba. Na sake Hammanjoda, na kama Philemon. Mayo bai ƙwace shi ba, ni na sake. Ya kira suna na sau ɗaya.

"Ni ba maye ba ne. Amma da mutane suna zagi na, ban yi musu ba, don na san abin da hannu na ya yi. Da Aisatu ya zo gida na, na buɗe baki zan gaya mishi. Ya ɗebi tuwo ya sa mini a baki. Ya ce, ka ci, Adi, ni ma na yi goyo. Har ya mutu ba mu sake maganan ba."

Mu'azu, ina wurin ranar. Shekarata bakwai. Na ga Dada ta ba ta loma a baki, na ɗauka wasa suke yi.

Philemon bai taɓa ji ba sai ran Asabar ɗin nan. Ya tashi ya je ya dafa bango, ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Namiji mai furfura, mai jikoki. Ina kallonsa ina lissafi a raina cewa da Hammanjoda yana nan da bana ya cika sittin. Ba zan ɓoye maka ba, na kasa ci gaba da rubutu.

Ita ba ta gani, amma ta ji biro ya tsaya. Ta lalubo gwiwata ta dafa, ta ce, "Kai fa, Hapsatu? Ƙanin ka ne. Maman ka ya yafe, kai ban tambaye ka ba."

Ba ta ɗauke hannunta ba. Na haifi shida, na goya shida, na san nauyin yaro in zani ya saki. Daga ƙarshe na ce mata, "Mama Adi, da ni ce, haka zan yi."

Gaskiya na gaya mata. Amma na yi wa ƙanena kuka a cikin keke tun daga Gude har ƙofar gidana.

Goggonka,
Hapsatu